Ƙuri'a Biyar a Akwatin Alhaji

Muna da majalisa a Yelwa, nan cikin Garwa, a gindin wata darbejiya, inda muke haɗuwa bayan isha'i ana dafa shayi. Tun daga zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoban 2025 hirar ɗaya ce. Ko an fara da farashin masara ko da ƙwallon Coton Sport, ƙarshe sai an gangaro kan maganar ƙuri'a.

A daren da nake magana, wani Alhaji maƙwabcinmu mai shagon kayan babur ne ke riƙe da zance. Mutumin kirki ne, wannan ba musu. Shi ya fito da motarsa da tsakar dare ranar da mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Ku ai ɗai-ɗai aka cuce ku. Ni ƙuri'a biyar aka yi mini fashinsu."

Muka ce, "Kamar yaya, Alhaji?"

Ya shiga lissafi da yatsu: tasa, ta matansa uku, da ta babbar 'yarsa da ba ta daɗe da cika shekara 20 ba. "Katunan duk a akwatina suke kwana, tare da takardun fili. Ranar zaɓe na zuba su a mota, na nuna musu hoton da za su saka a ambulan. Na kuma ce kowacce ta ƙullo mini ragowar takardun a bakin zani, in ƙirga da idona."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na dara. Wani har yana cewa, "Namiji ke nan!"

Sai da na kama hanyar gida maganar ta tsaya mini a wuya. Alhaji yana kukan an sace masa biyar, amma huɗu daga ciki ba nasa ba ne. An riga an sace su tun a zaure, kafin su ga akwatin hukumar zaɓe ta ELECAM, kuma wanda ya sace su shi muke yi wa jaje.

Matsayina ke nan tun kafin in yi nisa: mutanen da suka saba danne rabinsu a cikin gida ba su da ƙarfin hana a danne su a waje. Maganar haƙƙin mata ba ado ba ne da za a yi wa dimokuraɗiyya bayan an gama gina ta. Tana cikin tubalin. Duk wanda ke son a daina yi masa mulkin "ba a tambayarka", sai ya yarda a daina yi wa matarsa da 'yarsa irinsa.

Inda ake koyon yin shiru

Paul Biya ya hau mulki ranar 6 ga Nuwamban 1982, da ɗan garin nan Ahmadu Ahidjo ya sauka ya miƙa masa. A 2008 aka goge iyakar wa'adi daga tsarin mulki. A 2025 aka bayyana cewa ya ci da kashi 53.66 cikin ɗari, yana ɗan shekara 92. A tsallaken kogin Logone kuwa, Idriss Déby ya riƙe Cadi daga 1990 har mutuwarsa a 2021, ɗansa Mahamat ya ɗora, kuma a 2025 aka mai da wa'adi shekara bakwai ba tare da iyaka ba. Wannan kowa ya sani, ba sai na ja ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗanɗanon irin wannan mulki a bakin talaka. Ba kullum ba ne bindiga. Yawanci dai ba a tambayarka ne kawai. Gwamnanka da hakimin gundumarka a rediyo za ka ji an naɗa su, a rediyo za ka ji an ɗauke su. Kuɗin auduga da na kwastan ba ka san inda suka shiga ba. In ka ɗaga murya a ce ba ka da ladabi, ko kana neman tada fitina. In ka matsa, akwai dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014 tana jiranka. Masu sauraron RFI Hausa ba su manta da Ahmed Abba ba, wanda aka kama a Marwa a 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10, bai shaƙi iskar waje ba sai ƙarshen 2017.

To, mu juyo mu dubi tsakar gida.

Mace sai ta ga ana shafa wa ɗakin gefe fenti kafin ta san za a yi mata kishiya. Yarinya sai ta ga ana rabon goro kafin ta san da wa aka ba da ita. Kuɗin da uwargida ta tara da suyar ƙuli-ƙuli, maigida ya ce rance, rancen da ba ya dawowa. In ta tambaya, "Ni za ki tuhuma a gidana?" In ta yi yaji, a gidansu kalma ɗaya ke jiranta: haƙuri. Maƙwabtanmu Fulani su ce munyal. Ita ce dai kalmar da manya ke shafa mana a kai bayan kowane zaɓe.

Yaron da ya tashi yana kallon wannan, darasi biyu yake ɗauka: in kana ƙasa ka yi shiru, in ka hau ka danne. Idan ya girma, ba zalunci yake ƙi ba, kasancewa a ƙasa yake ƙi. Ba shi sandar ka gani. Shi ya sa muke ganin ɗan adawa mai zafin baki yana samun kujera, cikin wata shida ya koma irin wanda yake zagi. Ba a kujerar ya koya ba, da abinsa ya zo.

Ban ce duk gidaje haka suke ba, kuma ban ce zaure kaɗai ya haifi kama-karya ba. Akwai soja, akwai kuɗin mai, akwai hannun waje. Amma soja da kuɗi suna buƙatar jama'ar da ta saba da sunkuyar da kai, kuma mu muke renon ta kyauta.

"Ai an ba su, me kuma suke nema?"

Wannan ita ce amsar farko da za ka ji, kuma tana da ƙafar tsayawa. Kundin zaɓe na 2012 ya ce a kula da jinsi wajen tsara jerin 'yan takara. Daga mata 25 cikin kujeru 180 na majalisar dokoki, zaɓen 2013 ya kai su 56, na 2020 ya kai su 61. Cadi ta kafa dokar kashi 30 cikin ɗari a 2018. Matan da suka yi wannan fafutuka sun yi ƙoƙari, ba zan raina musu ba.

Sannan ga zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. Duk magidancin Kamaru ya san shi, don kuɗinsa kan hana shi barci a ƙarshen Fabrairu. A buga atamfa ta shekara, tela ya kwana yana ɗinki, mata su yi jerin gwano a gaban gwamna cikin zafin Garwa na watan Maris, a Yawunde kuma a gaban uwargidan shugaban ƙasa. A ci, a sha, a watse. Ranar 9 ga wata a wanke zanen a shanya.

Amma a dubi inda ikon yake. Jihohi goma, gwamnoni goma, babu mace ko ɗaya, kuma alƙalami ɗaya ne ke naɗa su. Dokar 1981 ta ba miji damar hana matarsa yin sana'ar kanta, ta kuma yarda a aurar da yarinya 'yar shekara 15. Sai a 2016 kundin hukunta laifuka ya mai da aurar da wanda bai kai 18 ba laifi. Dokar iyali da za ta daidaita waɗannan abubuwa kuwa, fiye da shekara 20 ana cewa tana tafe.

Me ya sa mata 61 ba su fito da ita ba? Saboda majalisar da suke ciki, ita kanta ba a tambayarta. Jam'iyyar RDPC mai mulki ce ta kwashe kujeru 152 a 2020. Wadda aka rubuta sunanta a jerin 'yan takara daga sama, godiyarta sama take tafiya, ba wajen mai sayar da daddawa a kasuwar Pitowa ba. Haka abokin zamanta namiji. A gidan da babu mai magana sai maigida, yawan matan da ke zaune a tabarma bai canza komai ba.

Ruwanda ta fi kowace ƙasa yawan mata a majalisa, sun haura kashi 60 cikin ɗari. A can ne kuma Victoire Ingabire ta koma gida a 2010 don ta yi takara, ta ƙare a kurkuku har 2018. A can aka hana Diane Rwigara tsayawa a 2017, aka sake hana ta a 2024, shekarar da Paul Kagame ya ci da kashi 99. Masu mulkin yanzu sun gane cewa ƙara wa mata kujeru ba ya rage musu komai, kuma yana sanyaya ran masu ba da tallafi. Arha ne.

Saboda haka ni ba kujera nake ƙirgawa ba. Ma'aunina ɗaya ne, daga majalisar dokoki har ɗakin amarya: macen nan za ta iya cewa "a'a" ta kwana lafiya?

"Kayan Turawa ne, kuma ya saɓa wa addini"

A nan ne abokaina ke tsammanin sun kama ni. Ni ba malami ba ne, ba kuma zan shiga gonar malamai ba. Amma abin da aka karantar da mu a zaure tun muna yara ya ishe ni.

A Suratul Mumtahana, mata ne suka zo da kansu yin mubaya'a, aka kuma umarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓa daga gare su. Ba a ce mazajensu su zo a madadinsu ba. A Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama ce ta warware shi. A Suratul Baƙara, ko yaye jariri an ɗora shi a kan yardar juna da shawara tsakanin uwa da uba. In yaye na buƙatar shawara, ina ga aurar da yarinyar?

Za a ce ai namiji ne shugaban gida. To, na ji. Shugabanci nauyi ne na ci da sha da sutura da kariya. Bai mai da hankalin matarka mallakinka ba. Malamanmu da yawa sukan ce ƙuri'a shaida ce. In haka ne, wa ya taɓa ba da shaida da bakin wani? Abin da Alhaji ya yi, tilasta wa mutum huɗu ne su shaidi abin da watakila ba su yarda da shi ba.

Kuma lamidojin da muke durƙusa wa a nan, tushen sarautarsu tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce. Shehun nan ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajis tana ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Ta rasu a 1864, lokacin da mace a Faransa ba ta da ƙuri'a, don sai a 1944 aka ba su. To wa ya ari na wa?

Inda na yarda da masu wannan ƙorafi shi ne munafuncin masu wa'azin. Ƙasar da ke aiko mana da masu bita kan haƙƙin mata, shugabanta Emmanuel Macron ne ya zo Injamena jana'izar Déby a Afrilun 2021, ya zauna kusa da ɗan da soja suka ɗora ba tare da bin tsarin mulki ba. Na kuma ga irin bitar da ake yi a otal, a yi kwana uku ana Faransanci mai nauyi, a raba kuɗin zama, matar da ake magana a kanta tana can tana surfe ba ta ma san an yi ba. Duk gaskiya ne. Amma ba za ka ƙi shan ruwa don Bature ya ce ruwa na da amfani ba.

Sannan a lura da bakin da wannan magana ta fi daɗi a cikinsa. Omar al-Bashir ya yi shekaru yana sa a yi wa mata bulala a Khartum saboda sun sa wando, da sunan kare tarbiyya, maza na tafa masa, alhali ƙasar ake cinyewa. Taliban da suka dawo a Agustan 2021, makarantun sakandare na 'yan mata suka rufe, a Disamban 2022 suka haɗa da jami'a, kuma namijin Afganistan ma ba shi da ƙuri'a yau. Turkiyya ta fice daga yarjejeniyar Istanbul ta kare mata daga duka a 2021, da sa hannun mutum ɗaya cikin dare, ba a tambayi majalisa ba. Ciniki ne tsoho: mai mulki ya ce wa magidanci, na bar maka gidanka ka yi sarauta, ni kuma ka bar mini ƙasa. Magidanci ya ɗauka riba ya ci. Wanda ya ce maka yau 'yancin mace kayan Turawa ne, gobe zai ce maka iyakar wa'adi ma kayan Turawa ne.

"A fara kawar da azzalumi tukuna"

Wannan daga bakin samari masu ilimi nake jin ta, waɗanda suka kwana a titi a watan Oktoba suna shaƙar barkonon tsohuwa. Suna cewa gida na cin wuta, ba lokacin gyaran ɗaki ba ne. Ina girmama su, amma sun yi kuskure, ko don lissafi kawai. Ta yaya za ka fuskanci mai soja da jandarma da baitulmali, kai kuma ka ce rabin mutanenka su zauna a gida su jira sakamako?

Masu bincike biyu na jami'ar Harvard, Erica Chenoweth da Zoe Marks, sun bi tarihin gwagwarmayar jama'a a ƙasashe da dama, suka ga cewa wadda mata suka fito da yawa a sahun gaba ta fi kai wa ga nasara, kuma ta fi haifar da dimokuraɗiyya bayan nasarar. Ba sai an je Amurka ba kafin a gane dalili. Labarin da ya shiga gidan suna da safe, kafin la'asar ya zaga unguwa uku. Kasuwar da mata suka ƙi fitowa ba ta ci. Kuma yaron da aka ba bindiga yakan yi jinkiri in wadda ke gabansa sa'ar uwarsa ce, ko da yake ba kullum ba.

Mun gani a ƙasar nan. A Bamenda, bayan zaɓen 1992, tsofaffin matan ƙungiyar Takumbeng ne suka kewaye gidan jagoran adawa John Fru Ndi lokacin da aka yi masa ɗaurin talala.

Cadi kuwa, in za a faɗi gaskiya, mata na cikin waɗanda suka kai tsohon shugaban ƙasar Hissène Habré ƙasa a gaban shari'a. Rose Lokissim tana tsare a kurkukunsa tana rubuta labarin waɗanda ake azabtarwa da waɗanda suka mutu, tana fitar da shi a ɓoye, har aka gano aka kashe ta a 1986. Lauya Jacqueline Moudeina ta ɗauki shari'ar waɗanda aka zalunta. A ranar 11 ga Yunin 2001 tana cikin matan da suka fito a Injamena suna ƙin amincewa da sakamakon zaɓe, aka jefa musu gurneti, ta ji mummunan rauni, ba ta fasa ba. A Dakar, mata suka tsaya gaban kotu suka faɗi abin da aka yi musu, irin abin da a al'adarmu mace kan tafi da shi kabari. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. Da an ce musu su jira tukuna, har yau ana jira.

Sudan ta nuna ɗaya gefen. Mata ne suka cika tituna har Bashir ya faɗi a Afrilun 2019. Da aka zo teburin rabon iko, 'yan ƙalilan ne suka samu wurin zama tsakanin janar-janar da shugabannin jam'iyyu. A Oktoban 2021 soja suka ƙwace, a Afrilun 2023 suka juya wa juna bindiga. Waɗanda suka tsallako Adre a gabashin Cadi da ƙullin kaya a ka, mafi yawansu mata ne da yara. "Tukuna" ɗin ba ta zo ba.

Akwai kuma abin da ba a son a tuna a majalisarmu, amma zan faɗa. A Yulin 2018 wani bidiyo ya fito, sojoji suna tasa ƙeyar mata biyu da yara biyu, ɗaya goye a baya, suka harbe su a gefen hanya kusa da Zelevet a jihar Arewa Mai Nisa. Kakakin gwamnati na lokacin ya fito ya ce labarin ƙarya ne. Sunansa Issa Tchiroma Bakary, babban ɗan takarar adawa a zaɓen 2025. Daga baya aka kama sojojin, a 2020 kotu ta yanke wa huɗu shekara goma-goma. Ba don in ɓata wa kowa gwaninsa na kawo wannan ba, mutum yana iya canzawa. Na kawo ne don a ga cewa sauya wanda ke kan kujera bai wadatar ba, muddin ran macen ƙauye da goyonta yana da arha haka. Cikin 'yan takara 12 na 2025, mace ɗaya ce tak, Tomaïno Ndam Njoya, magajiyar garin Fumban. A majalisarmu ko sau ɗaya ba a tattauna abin da take cewa ba. Ba ƙin ta aka yi ba, ba a ma ɗauke ta abin tattaunawa ba.

"Su ne fa masu guɗa a taron jam'iyya"

Haka ne. Na gan su cikin anko mai hoton shugaba, suna guɗa don sabulu da dunƙulen magi. Na kuma ga maza sun cika filin da babura don jaka biyu da litar mai. Laifi tudu ne. Talauci ne ke guɗa, ba mace ba.

Bambancin shi ne an fi toshe mata hanyar fita. Kafin ka yi rajistar zaɓe sai da katin ɗan ƙasa, kafin katin sai da takardar haihuwa. A arewacin nan yara masu ɗimbin yawa ba su da ita. In wa'adin yin ta ya wuce, sai an je kotu, da shaidu, da kuɗin mota, da zirga-zirga. Uban da ke da kuɗin mutum ɗaya, wa kuke tsammani zai yi wa, ɗan ko 'yar? Yarinya ta kai aji shida, babu takarda, babu jarrabawar CEP ta kammala firamare, sai gida, sai aure. Shekara goma bayan haka mu zauna a gindin darbejiya muna cewa mata ba su san siyasa ba.

Su kuwa sun san ta, sai dai ba mu leƙa inda suke yi ba. Yayata tana cikin wani adashi na mata 24, masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ran nan na je gidanta na tarar da su a tsakar gida, murya ta ɗaga. Ashe uwar adashi ce ta tsallake layi ta ba ƙanwar mijinta kwasa, ta ce ai buƙata ce ta taso. Dattijuwa ce, hajiya, ta haifi wasu daga cikinsu. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 25 ba, da goyo a bayanta, ta buɗe littafin makaranta mai bangon shuɗi inda take rubuta zubi, ta ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ke uwa ce. Amma littafi bai ce haka ba." Ta karanto sunaye da ranaku ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaga hannu. Hajiya ta sauka, aka ba wata riƙon kuɗin, aka kuma ce daga yau mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban. Ba wadda ta zagi Hajiya. Da aka kawo kunu ita aka fara miƙa wa.

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina a hannu. Lissafi a fili, shugaba ta sauka ba jini, an raba iko gida biyu don kada a sake. Abin da muka kasa yi a Yawunde cikin shekara 43, sun gama shi kafin magariba. Waɗannan ne muke cewa a nuna musu hoton da za su saka a ambulan.

Abin da nake nema ba ya buƙatar izinin gwamna. Katin zaɓen mace ya kwana a ɗakinta. A yi wa 'ya mace takardar haihuwa ranar da aka yi wa ɗa namiji. A bar ta ta gama makaranta. A tambaye ta kafin a karɓi goro, kuma in ta ce a'a, a'a ɗin ta zauna. Kwamitin iyayen yara na makaranta da kwamitin rijiyar unguwa, a sa waɗanda ke ɗibar ruwan a ciki, da bakin magana, ba don dafa abincin taro ba. Jam'iyyun da ke kiran kansu na canji kuma a tambaye su mace nawa ke cikin ɗakin da ake yanke shawara, ba nawa ke cikin rumfa ba.

Bayan kwana biyu na samu Alhaji shi kaɗai a shago, don irin wannan magana ba a yin ta cikin mutane. Ya saurare ni har na gama, yana goge wani fulogi da tsumma. Sannan ya ce, "To Malam, in na ba su katunan suka je suka zaɓi wancan fa?"

Na ce, "Alhaji, ai su ma na can sama abin da suke tambaya ke nan game da ni da kai."

Bai amsa ba. Ya ƙwala wa yaronsa kira ya kawo mana ruwa. Har yau katunan suna akwatinsa, iyakar sanina.

Da na koma gida sai wani abu ya faɗo mini. Na jawo jakar da nake ajiye takardun makaranta da na haya, don na tuna tun lokacin rajista ni na karɓi katin matata na ce zan adana mata. Na zazzage jakar kaf, nawa kaɗai na gani.

Tana tankaɗe a ƙofar madafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "In katina kake nema, Malam, na ɗauke abina tun kafin zaɓe da wata guda. Ba ka lura ba ne."

Na ce, "To wa kika zaɓa?"

Ta ce, "Ai don haka aka sa labule a wurin."